Tambaya da Amsa: Kwamfuta Ɗaya, Ta Buɗe wa Abokina Ta Hana Ni

TAMBAYA

Ni ɗalibi ne ɗan Roni, ina karatun lantarki a Kazaure. Mu uku muke aikin kammala karatu, da ni da wani abokina ɗan Gwiwa da wani ɗan Babura. Muna haɗa na'urar da za ta riƙa kunna injin ban ruwa da kanta in ƙasa ta bushe, kuma Arduino ce ƙwaƙwalwarta. A ɗakin kwamfutar da muke zuwa akwai guda ɗaya da aka sa wa Ubuntu, kowa da sunansa da kalmar sirrinsa. In ɗan Gwiwan ya shiga da sunansa ya jona Arduino, nan take aiki yake tafiya. In ni na shiga, kwamfutar dai ita ce, wayar ma ita ce, sai ta rubuto min "Permission denied". Na kai kuka wurin mai kula da ɗakin, ya zo ya yi danne-danne ya ce ya sa ni a guruf. Na sake gwadawa a take, shiru kake ji. Yanzu ɗan Gwiwan ya ce in daina wahalar da kaina, in riƙa shiga da sunansa. Ɗan Baburan kuma ya ce in roƙa a ba ni sudo, wai da shi babu ƙofar da ba ta buɗewa. Malam, ta yaya zan gane matsayin da kwamfutar nan ta ajiye ni? Ko dai mai kula da ɗakin sallamata kawai ya yi?

Daga wani ɗalibi, Roni.

AMSA

Bari in fara da wanke mai kula da ɗakin: zatona ya yi aikinsa, matsalar ita ce ba ka tashi daga kan kujerar ba. Za ka gane abin da nake nufi nan gaba kaɗan.

Gobe in ka je, ka shiga da sunanka, ka buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, wanda ake kira taminal. A Ubuntu in ka danna Ctrl da Alt da T tare zai fito. Ka rubuta haruffa biyu, id, ka danna Enter. Mu ɗauka sunanka a na'urar musa ne. Za ka ga layi mai kama da wannan:

uid=1003(musa) gid=1003(musa) groups=1003(musa),1010(dalibai)

Wannan layin shi ne kai a wurin kwamfutar, babu ƙari babu ragi. Ba ta san fuskarka ba, ba ta san daga Roni kake ba, ba ta san kai ne ka fi sauran biyun iya haɗa waya ba. Na farko, uid, lambarka ce. Na biyu, gid, lambar rukuninka na asali ce, wanda Ubuntu takan ƙirƙira wa kowa da sunansa, shi kaɗai a ciki. Na uku, groups, jerin duk rukunonin da kake ciki ne a wannan zaman. Rukuni shi ne abin da mai kula da ɗakin ya kira guruf, kuma ma'anarsa ba ta yi nisa da guruf ɗin WhatsApp ba: wanda aka sa a ciki yana samun abin da na waje ba ya samu.

Ka lura da inda lamba take da inda suna yake. Lambar ce a waje, sunan yana cikin baka kamar ƙarin bayani. Haka abin yake a can ciki. Mu nan in aka tara Musa uku a aji ɗaya sai mu raba su da gari, a ce Musa Roni, Musa Gwiwa, Musa Babura, har sunan garin ya bi mutum cikin takardar shaidarsa. Ofishin rajista kuwa bai yarda da wannan ba, lambar shiga makaranta yake tambaya, kamar yadda banki yake tambayar BVN, hukumar katin ɗan ƙasa kuma take ba kowa NIN mai lamba 11. Kwamfuta 'yar ofishin rajista ce. Duk fayil ɗin da ka ajiye, lambar 1003 take manna masa, ba musa ba. Sunan don idonka kawai ake nuna shi.

Lambobin ma ba haka kawai ake rabon su ba. Sifili, wato 0, ta root ce, sarkin na'urar wanda ba a tambayarsa izini. Daga 1 zuwa 999 an keɓe su ga ma'aikatan cikin gida, wato asusun da ba na mutane ba ne, na manhajojin da suke aiki a bayan fage. Misali manhajar da take riƙe shafin intanet a Ubuntu tana aiki da sunan www-data, lamba 33. Mutane daga 1000 suke farawa. Wanda ya sa wa na'urar Ubuntu shi ne 1000, kuma shi ake jefawa a manyan rukunoni tun ranar farko. Wanda aka buɗe wa asusu daga baya yakan zo ne hannu rabbana, sai abin da aka ga dama aka ƙara masa.

To, mu je bakin ƙofar da aka hana ka shiga. A Linux, wadda take ƙarƙashin Ubuntu, kusan komai fayil ne, har na'urar da ka jona. Arduino Uno takan bayyana da sunan /dev/ttyACM0, wasu samfuran kuma /dev/ttyUSB0. Ka jona ta ka rubuta ls -l /dev/ttyACM0. A farkon layin da zai fito za ka ga crw-rw----, gaba kaɗan ka ga root, sannan dialout. Ka ajiye harafin farko gefe, ka raba sauran taran uku-uku. Ukun farko na mai abu ne, wato root: rw-, yana karantawa yana rubutawa. Ukun tsakiya na 'yan rukuni ne, wato dialout: su ma rw-. Ukun ƙarshe na sauran jama'a ne, kuma ka ga babu komai a wurin sai layuka. Duk lokacin da ka nemi taɓa wani abu, tambaya uku na'urar take yi a jere. Kai ne mai shi? In ba kai ba ne, kana cikin rukuninsa? In ba ka ciki, to kai ɗan sauran jama'a ne, ka ɗauki abin da aka rubuta musu. Abokinka ɗan Gwiwa a tambaya ta biyu yake wucewa. In ya rubuta id a zamansa za ka ga lamba 20 a jerinsa, ita ce ta dialout a Ubuntu. Kai kuwa kana gangarowa har ta uku, inda babu komai.

Sunan dialout ɗin ma tsohon yayi ne. Ya samo asali tun lokacin da ake jona kwamfuta da wayar tarho ta buga lamba kafin ta shiga intanet, kuma sai wanda aka amince wa ake bari ya buga, saboda kuɗin waya. Wayar tarhon ta tafi, sunan ya zauna, yau ga shi yana tare ɗalibin Roni da injin ban ruwansa.

Yanzu ga inda amsarka take. Bayan ka rubuta id shi kaɗai, sai ka sake rubuta id musa, wato ka haɗa da sunanka. Mutane da yawa, har waɗanda suka daɗe a harkar, suna ɗauka abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. In ka ce id musa, na'urar za ta je ta buɗe littafin rajista ta karanto abin da aka rubuta game da musa a yanzu. In ka ce id kawai, katin da yake rataye a wuyanka take karantowa, kuma wannan katin a bakin ƙofa aka ba ka shi, lokacin da ka sa kalmar sirri ka shigo. Duk manhajar da ka buɗe bayan nan kwafin katin take gada. Mai kula da ɗakin ya gyara littafi, amma katin wuyanka na safe ne, tun kafin gyaran. Shi ya sa na ce ba ka tashi daga kan kujera ba.

Saboda haka a ranar da ya yi maka danne-dannen, da ka gwada umarnin biyu, da ka ga dialout a jerin id musa, ka rasa shi a jerin id. Maganin shi ne ka fita gaba ɗaya daga asusunka ka sake shiga. Rufe taminal ko rufe manhajar Arduino bai isa ba. In ka fita ka dawo abin bai canja ba, ka kashe na'urar ka kunna, domin wani lokaci wasu ayyukanka sukan maƙale a baya da tsohon katin. Mai gaggawa yana iya rubuta newgrp dialout, amma wannan a cikin taminal ɗin nan kaɗai yake aiki, da abin da aka buɗe daga cikinsa. Ba mamaki ma tun washegari matsalarka ta warware, kai ne ba ka sake gwadawa da sunanka ba tunda ka samu na aro.

In kuma ka duba id musa ka ga babu dialout, to a nan ne za ka koma wurinsa, da ladabi, da hujja a hannu. Wataƙila wani rukunin ya sa ka, wataƙila wani Musan ya sa. Umarnin da ake buƙata shi ne sudo usermod -aG dialout musa. Ina roƙonka ka ja hankalinsa kan ƙaramin a ɗin nan, don ni ya taɓa ƙona ni. Shekarun baya na rubuta -G ba tare da a ba a kan kwamfutata, ina so in ƙara wa kaina rukuni ɗaya. Ashe ba tare da a ba ma'anarsa a share duk sauran rukunonin a bar wanda aka ambata kaɗai. Da na fita na dawo sai na tarar na cire kaina daga masu sudo, na kulle ƙofa na jefa makulli ciki. Rabin yini na yi kafin in gyara, ba kuma wanda zan ɗora wa laifi.

Shawarar abokanka biyu kuwa, dukansu ban yarda da su ba, kodayake na san da kyakkyawar niyya suka ba ka.

Shiga da sunan ɗan Gwiwa kayan aro ne, ba ya rufe katara. Duk abin da ka rubuta lambarsa za a manna wa, a jakarsa zai zauna, ranar da ya canja kalmar sirri ko ya tafi gida hutu aikinka ya tafi da shi. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne na'urar tana ajiye tarihin shiga da fita. Ka rubuta last ka gani: wane ya shiga, yaushe, ya yi minti nawa. In aka goge aikin wani ko aka ɓata wani abu a lokacin da kake zaune da sunansa, shi za a kira. Ka ɗora masa amsa tambayar abin da bai sani ba, shi kuma ya ba ka makullin duk abin da ya ajiye. Zumunci da yawa ya lalace a kan abin da bai kai wannan ba.

Maganar sudo kuma, ɗan Babura gaskiya ya faɗa cewa babu ƙofar da ba ta buɗewa, kuma aibin ke nan. A kan na'urar da kake da wannan izini, ka rubuta whoami za ta ce musa, ka rubuta sudo whoami za ta ce root. Wato a tsawon wannan umarnin ka tashi daga 1003 ka koma 0. In ka buɗe manhajar Arduino a haka za ta yi aiki, amma fayilolin da za ta ajiye na root za su zama, gobe ka zo da sunanka ka kasa gyara aikin da kai ka rubuta. Kuma mai kula da ɗakin da ya san aikinsa ba zai raba sudo ga ɗalibai a na'urar da mutum ashirin suke amfani da ita ba, domin mai sudo yana iya karanta jakar kowa, ya kuma goge ta. Buƙatarka ƙofa ɗaya ce. Wanda yake son shiga rumbu ba sai an naɗa shi hakimi ba, makullin rumbun za a ba shi.

Tunda na ambaci whoami, ga 'yan'uwan id da za su yi maka amfani. Shi whoami sunanka kawai yake faɗa. groups yana jero sunayen rukunoninka babu lambobi. id -u lambarka kaɗai, id -un sunanka, id -Gn rukunoninka. who kuma, ba tare da ami ba, yana nuna duk waɗanda suke cikin na'urar a lokacin, har wanda ya shigo daga wata kwamfutar ta hanyar sadarwa. Duk waɗannan kallo kawai suke yi, ba sa canja komai, ba sa neman izinin kowa, don haka ka gwada su ba tsoro.

Littafin rajistar da na yi ta ambata ma kana iya leƙa shi. Sunansa /etc/passwd, kuma kowa yana da izinin karanta shi. Ka rubuta getent passwd musa, layinka zai fito:

musa:x:1003:1003:Musa,,,:/home/musa:/bin/bash

Gida bakwai ne, an raba su da ɗigo biyu: suna, sai x, sai lambarka, lambar rukunin asali, cikakken suna, jakarka ta gida, da manhajar da take karɓar umarninka. Wurin da x take, a da nan ake ajiye kalmar sirri a rikiɗe. Da aka ga kowa yana iya kwafe ta ya tafi gida ya yi ta gwaji har ya dace, sai aka mayar da ita /etc/shadow, wanda kai da abokanka ba ku da izinin buɗewa. Littafin rukunoni kuma /etc/group ne. getent group dialout zai nuna maka sunayen waɗanda aka sa a ciki, ka duba da idonka ko naka yana nan. Gani ya kori ji.

Akwai wani abin da nake so masu kula da ɗakunan kwamfuta su ji, tunda na san wasunsu suna karanta wannan fili. Kowa ya san abin da yake faruwa in ka bar layin wayarka ya daɗe ba ka amfani da shi: kamfani ya sayar wa wani, sabon mai layi ya riƙa samun kiran 'yan'uwanka, wani lokaci har saƙon bankinka. Haka lambar uid take. In ɗalibi ya gama aka goge asusunsa ba a kwashe fayilolinsa ba, suna nan da lambarsa. Ka yi ls -l ka ga lamba tsirara a inda ya kamata suna ya fito, to marayun fayiloli ne. Ranar da aka ba sabon ɗalibi wannan lambar, ya gaje su duka ba tare da ya nema ba. Haka nan in ka ɗauki faifan da aka tsara shi da tsarin Linux daga wannan na'ura zuwa waccan: 1003 a nan musa ne, a can wani ne daban, kuma na'urar can nata za ta ba. Kama da wane ba ta wane ba ce, amma kwamfuta in lamba ta zo ɗaya ba ta ƙara tambaya.

Kada ka ɗauka wannan tsari an ƙirƙire shi ne don a takura wa ɗalibai. Ya fito ne daga irin halin da kuke ciki, na na'ura ɗaya mutane da yawa. A farkon shekarun 1960 kwamfuta takan cika ɗaki, jami'a guda ba ta da fiye da ɗaya ko biyu. A cibiyar MIT ta Amurka, Fernando Corbató da abokan aikinsa suka gina tsarin CTSS a 1961 don mutane da yawa su yi aiki a kan guda a lokaci ɗaya, kuma a nan aka fara ba kowa kalmar sirrinsa. A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara Unix a ɗakin binciken Bell Labs, daga nan ne tsarin mai abu da rukuni da sauran jama'a ya bazu. Linux da take ƙarƙashin Ubuntu ɗinku wani ɗalibi ne a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar da ita ranar 25 ga Agusta 1991. Kwana biyu bayan haka, ranar 27, gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙiri jiharku ta Jigawa. Nakan tsokani ɗalibaina 'yan Jigawa in ce Linux yayarsu ce da kwana biyu, su riƙa gaishe ta.

Kuma ba Ubuntu kaɗai ba ce. Wayar Android da take aljihunka Linux ce a ƙarƙashi, sai dai ita manhajoji take raba wa lamba: kowace manhajar da ka sauke tana samun uid nata, daga 10000 zuwa sama, shi ya sa wasan da ƙaninka ya sauke ba ya iya leƙa ajiyar manhajar bankinka. A kwamfutar Apple id ɗin nan yana aiki, mutum na farko a can 501 ne. A Windows ka buɗe cmd ka rubuta whoami /user ko whoami /groups, za ka ga dogayen lambobin da suka fara da S-1, su ne madadin uid da gid a wurinsu.

Yankinku kuwa ya fi wurare da yawa buƙatar sanin wannan. Ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga cibiyar koyar da fasahar sadarwa da aka kafa a garin tun zamanin gwamnatin Saminu Turaki, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka amince da kafa ta a Babura a 2021, ga cibiyoyin rubuta jarrabawar JAMB. Ɗalibi nawa ne a cikinsu yake da kwamfutar kansa? Mafi yawa layi ake bi a kan guda. Abin da na fi gani a wurare irin waɗannan, a duk inda na zaga a Arewa, shi ne asusu ɗaya tal, kalmar sirrinsa a rubuce a jikin bango, kowa ya zuba aikinsa a wuri ɗaya, wani ya goge na wani a rasa wanda za a kama. Ɗakin da ya ba kowannenku sunansa da lambarsa ya yi muku gata, ko da ya zo da ɗan ciwon kai irin naka.

Ga ƙarin shawara da ba ka tambaya ba. Tunda ku uku ne a aiki ɗaya, ku roƙi mai kula da ɗakin ya buɗe muku rukuni naku, ko da sunansa banruwa ne, ya sa ku ukun a ciki, ya ware jaka guda ya mallaka wa rukunin da izinin rubutu. Kowa ya shiga da sunansa, ku haɗu a jakar, ba mai riƙe sirrin wani. Kada ku manta ku fita ku sake shiga bayan ya sa ku.

Ka gwada id da id musa, ka kwafo min layukan biyu yadda suka fito in abin ya ƙi. Kalmar sirrinka kuwa kada ka turo min, ban tambaye ka ba. Allah ya ba da sa'ar aikin, in injin ya fara kunna kansa a sanar da mu.